Gahawar da ta kori babban kamfani

Ranar da wakiliyar babban kamfanin waƙa ta zo gidanmu a unguwar Malaz, nan ƙasar Larabawa, Yaya Nura ya kasa zama wuri ɗaya. Kwana da kwanaki 'yan ƙungiyarsa ta kiɗan rok suna gardama: babban kamfani mai kuɗi za su shiga, ko ƙaramin nan na unguwar Badi'a da ya yarda su yi waƙa da Hausa?

Ni ban daɗe da zuwa daga Maraɗi ba. Ba na magana a gaban baƙi, amma ba abin da ke wuce idona. Na lura Yaya yana ɗiga mata gahawa a gindin finjali kamar magani. Rowa a gidanmu? Na karɓi butar don in ceci mutuncin zuri'a, na cika mata har baki.

Ta dubi finjalin, ta dubi Yaya, ta ɗauki jakarta.

"Auta," in ji Yaya bayan ta fita, "a garin nan cika finjali kora ce."

Mai gangarsu ya yi dariya har ya zame daga kujera. Babban kamfanin bai sake kira ba, ƙaramin suka shiga. Har yau, in baƙo ya daɗe, sai Yaya ya leƙo ɗakina: "Manaja, kawo gahawa."