Tuwon Bayan Tubali

A layin gidajen ma'aikata na Yamai, in ana lissafin shekaru, ba a cewa shekara biyu bayan samun ƴancin kai. Cewa ake yi shekarar da aka yi wa Mushe Yahaya wanka. Wankan kuwa na ruwan wanke-wanke ne, da rana tsaka, yana sanye da kwat da karabat ɗaure a wuya, kuma surukarsa ce ta yi masa shi da hannunta. Sai dai bai dace a fara labarin babban mutum daga ranar da ya jiƙe ba. A fara daga girmansa, don yana da shi, ya kuma sha faɗa da bakinsa.

Mushe Yahaya (mushen nan na Faransanci ne, kamar a ce malam) ɗan Maradi ne, mataimakin shugaban sashe a wani biro na gwamnati inda ake buga wa takardu hatimi. An taɓa tura shi Faransa ƙaro ilimi na wata uku. Wasu kan yi shekara bakwai a can su dawo da takardar shaida kaɗai, shi kuwa a wata uku ya dawo da ƙasar baki ɗaya. Ya zo da tabarau alhali idonsa bai taɓa ciwo ba. Ya zo da cokali mai yatsu guda shida, da wata irin gyaran murya da ke sanar da jama'a cewa magana mai nauyi na tafe, a nutsu. Ko zafi aka yi sai ya girgiza kai ya ce a Faransa ba haka ake yi ba. Ƴan layi, saboda ƙauna, suka laƙaba masa Wata-Uku.

Gidansa shi ne na biyar a jerin gidaje takwas da Turawa suka gina wa akawunansu tun kafin yaƙi, manne da juna kamar ƙwayar masara. Kowane gida falo ɗaya ne, wanda suke kira salon, da uwar ɗaki, sai ɗan tsakar gida a baya, da madafa mai baƙin rufi a kusurwa. In Bawa ma'aikacin gidan waya ya yi atishawa a lamba shida, daga lamba biyar ake yi masa addu'a. Mutum bakwai sun zauna a haka suna godiya. Na takwas ɗinsu ya ga Faransa.

Wata rana bayan la'asar, a gindin bishiyar da maza ke hira, ya gyara murya.

"Ƴan'uwa, na yi nazari. Abin da ya hana ƙasar nan ci gaba, bango ne. Bature ya tafi, bango yana nan. Mace na can ƙurya cikin hayaƙi, miji na nan gaba kamar baƙo. Ni na shiga gida a Faransa, da idona na gani, madam na soya nama tana hira da mushe, ba ƙofa ba labule. Shi ake kira kwizin na zamani. Kuma wannan kunyar tamu ta ɓoye-ɓoye, ranar da bango ya faɗi, ran nan za ta bi shi."

Izinin gini bai yi wuya ba, tunda hatimin a aljihun teburinsa yake kwana. Ya kira Sumana, wani dattijon magini Bazabarme, ya nuna masa bangon da ya raba salon da tsakar gida. Sumana ya shafa bangon kamar mai taya rago.

"Patoron, bangon nan ya girme ni, ya girme ka. Ba ya ci, ba ya sha. Me ya yi maka?"

"Kai dai aikinka guduma," in ji Mushe. "Tunani nawa ne."

Bango ya faɗi. Aka ɗauko katakai daga kasuwar Katako, aka rufe tsakar gida da kwano, aka malale ƙasa da siminti. Tsohuwar madafa ta bi bango. Aka kafa wurin wanke kwanuka da famfo mai ƙyalli, wanda ba abin da ya rasa sai bututu da ruwa. Ƙofar uwar ɗaki ma Mushe ya sa an cire, ya rataya labulen duwatsu don iska da haske su riƙa yawo. A tsakiya ya dasa tebur da kujeru shida. Tubalan da aka rushe kuwa aka jibge su a lungun baya, ƙarƙashin ƴar tagar da aka huda wa sabon kwizin.

Matarsa Salamatu, wadda ke ɗauke da cikin fari, abu ɗaya ta tambaya: "Maigida, hayaƙin fa?" Ya nuna mata resho. Resho ya dafa shayi lafiya lau, amma da aka ɗora masa tukunyar tuwo sai ya nemi afuwa. Kafin mako ya zagayo duwatsun murhu uku sun dawo sun zauna a kan simintin, ba wanda ya ce ya ga shigowarsu. Daga nan duk takardar da Mushe ya buga wa hatimi sai ta isa inda za ta da ƙamshin daddawa. Wannan bai hana shi tare masu wucewa ba. Ko mai tallan itace ya yi sallama sai an zagaya da shi ya ga ci gaba.

Da haihuwa ta matso, dangi suka aiko cewa Salamatu ta taho gida, kamar yadda ake yi a cikin fari. Mushe ya ce matarsa ba za ta haihu a hannun ungozoma ba alhali ga asibiti. Ta haihu a asibiti, namiji, lafiya. To, tunda an hana ƴa zuwa wurin uwa, sai uwa ta zo wurin ƴa. Inna Habsatu ta sauka daga Tasawa da ƙatuwar tukunya da muciya da ƙullin kanwa, za ta yi wa ƴarta wankan jego na kwana arba'in.

Ta shigo ta ja mayafi, ta duba inda madafa take don ta shige ta ba surukinta wuri, kamar kowace tsohuwa mai mutunci. Ta duba hagu, ta duba dama. Da ta ga ba inda za ta shige, sai ta shimfiɗa tabarmarta a gefen murhu, taku huɗu daga teburin Mushe.

Da rana ya dawo daga biro, ya gaishe ta a durƙushe yana kallon takalminsa, ya zauna. Ya ɗaura ƙyalle a wuya. Ya buɗe faifai, tururin tuwon gero da miyar kuɓewa ya bugi tabarau. Ya yanko loma da cokali mai yatsu, ya ɗago, sai ga bayan Inna tana hura wuta. Hannu ya tsaya a hanya. Kowa ya san ɗan halak ba ya cin abinci gaban surukarsa, shi ma ya sani, sai dai ya ɗauka ya baro sanin a jirgi. Ashe abin da wata uku suka koya wa kai, ba su sanar da maƙogwaro ba. Ya mayar da lomar, ya rufe faifai, ya gaya wa iska cewa ya ci a biro.

Inna ba ta da mugunta. Washegari ta koma uwar ɗaki don ya sake, amma labulen duwatsu ba ya ɓoye ko kyanwa, yana iya ƙirga yatsun ƙafarta. Ran na uku ta fita ƙofar gida ta tsaya a rana. Kafin ya kai loma ta biyu, matan layi sun taru suna tambayar ko lafiya, aka bar tsohuwa a waje. Ya aika Salamatu ta roƙe ta don Allah ta dawo. Ta dawo, ba ta kuma sake motsawa ba, don wutar mai jego ba ta mutuwa: ruwan wankan safe na sauka, kunun kanwa ke hawa, yana sauka na yamma ya hau.

Wurin masu tuwo na bakin kasuwa ba nasa ba ne, don ya sha yin lacca cewa mai wayewa a teburinsa yake ci. Bawa ya yi masa tayi sau biyu, amma mutumin da ya kira madafar Bawa kogon hayaƙi a bainar jama'a, da wane ido zai ci tuwon da ya fito daga cikinta? Sai ya sanar da layi cewa ya shiga rejim, wato ƙa'idar rage ci irin ta manyan Faransa. Gyaɗa ta tare a aljihun tebur kusa da hatimi. Ɗamara ta samu sabon huji. Ga shi kuma Inna gwanar girki ce, ga gida ba bango, duk abin da ta jefa a tukunya sai ya biyo Mushe har kujerarsa ya gaishe shi.

Cikin garin Yamai kaf, mutum ɗaya ne ya yaba kwizin ɗin da zuciya ɗaya, ita ce Inna. Ta gano kujerar hutu mai katifa, ta jawo ta gaban murhu. Ta gano rediyo. Ta riƙa gaya wa mata masu zuwa barka cewa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa tuƙa tuwo tana jingine ba, yaron nan Allah ya yi masa basira. Ana kwana ashirin ta aiko Salamatu da albishir: ba za ta koma ran arba'in ba, sai bayan kaka. Mushe ya ce madalla, da irin muryar da ake amsa gaisuwar ta'aziyya.

Salamatu ce ta ji tausayinsa ta samo dabara. Kullum da rana sai ta zuba abinci a kwano ta rufe, shi kuma ya ɗauka ya ce da ƙarfi, "Bari in miƙa wa Bawa." Ya fita ta ƙofar gaba, ya wuce ƙofar Bawa kamar bai san ta ba, ya zagaya ƙarshen layi, ya shiga lungun baya, ya tsuguna a bayan tarin tubalan nan. A nan yake naɗe hannun kwat ya ci da yatsu biyar, yana lashewa. Bangon da ya kayar, ko a kwance bai fasa aikinsa ba.

Kwana goma ana haka. Ran nan da safe Inna ta hangi Bawa zai tafi aiki.

"Ɗan nan, gishirin yana isa kuwa? Kwana goma kana cin tuwona ba ka ce uffan ba."

Bawa mutum ne mai ladabi. Ya ce, "Yana isa, Inna, Allah ya saka da alheri." Ya tafi yana tunanin wane ne wannan Bawan da ke ƙoshi da sunansa.

A safiyar nan ce kuma Mushe ya tsallake wani kwatami a ƙofarsa, ya ɓata takalmi, ya kira Salamatu ya ba da doka. Daga yau ba a ƙara zubar da ruwan wanke-wanke a gaban gida, abin ƙauyanci ne, ga taga can an huda a baya. Saƙo ya isa ga Inna. Tsuntsun da ya ja ruwa, an ce, shi ruwa kan doka.

Da rana Bawa ya laɓe a bakin lungu. Ya ga mataimakin shugaban sashe ya iso yana waige-waige, ya tsuguna, ya yi bisimilla. Yana loma ta huɗu taga ta buɗe. Ƙwarya guda cur, da ƙanzo da kumfar sabulu da zaren kuɓewa, ta sauka tun daga kai har cikin takalmi.

Mushe bai yi ihu ba, a ba shi wannan. Inna ce ta ji ƙarar ba irin ta ruwa a kan tubali ba ce, ta leƙo. Tun ɗaurin aure ba su taɓa haɗa ido ba sai ran nan, shi da silin kuɓewa a kan tabarau, kwano a rungume. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta mayar da taga a hankali. Can sai aka ji muryarta daga ciki, daidai yadda za ta kai lungu:

"Salamatu, ki gaya wa mai gidan nan, tubalan nan sun gaji da kwanciya."

Bayan kwana uku Sumana ya dawo da cebur. Yana ɗora kowane tubali yana yi masa sannu da zuwa. Mushe ya bayyana wa layi cewa wannan ba bango ba ne, separasiyon ne, shi ake yayi yanzu a can. Inna ta shige bayan bangon da kujerar hutu da rediyo, ta zauna har bayan kaka. Shi kuma ya koma teburinsa, rejim ya ƙare ba sanarwa.

Har yau, in hira ta yi daɗi a gindin bishiya, Bawa kan jefa tambaya: "Wai Wata-Uku, a Faransa ma surukai ne ke yi wa mutum wanka, ko wannan namu ne na gida?"

Sai Mushe Yahaya ya cire tabarau, ya goge, ya gyara murya, ya jira dariya ta lafa.

"Ku faɗi duk abin da za ku faɗa. Amma a rubuta wannan a ajiye: lokacin da ta leƙo, na riga na haɗiye."