Shingen Da Aka Yi Don Karnuka

Wani ne a Seme, can bakin teku, yana zaune da matarsa Senami a ɗaki ɗaya cikin gidan surukansa. Shekara huɗu ke nan. In ya yi tari da safe, surukinsa ne ke ce masa sannu ta bayan bango.

Ana nan sai ƙanwar uwar matar, Tanti Sidoni, ta zo hutu daga Faransa. Ta gina sabon gida a bakin ruwa, mai katanga da ƙofar ƙarfe, amma fenti bai gama bushewa ba, sai ta sauka nan gidan surukan. Ta ce wata biyu za ta yi ta koma, kuma kafin nan tana neman wanda za ta bar wa makullin sabon gidan ya zauna ciki. Tun ranar da gogan naku ya ji maganar makulli, ko Tanti ta yi atishawa shi ne ke fara miƙo ruwa.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Da karenta ta zo. Wani ɗan fari ne, gashi kamar audugar katifa, da 'yar jar riga a jikinsa. Sunansa Firmen. Har fasfo gare shi, da hoto da tambari. Shi kuwa gogan sau biyu yana neman biza ana hana shi. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Tanti, shi wane layi ya bi?"

Ta ce, "Shi ba ya bin layi."

To, Firmen ya kwana shida bai ci komai ba. An buɗe masa gwangwanin da aka zo da shi daga can, ya kau da kai. Tanti ta tara gida ta ce, "Damuwa ce ke cinsa. Likita ya ce sai yana gudu kullum."

Gogan ya ce, "Likitan wa?"

"Nasa. A can kowace unguwa akwai fak na karnuka. Fili ne da shinge. Ka shiga, ka rufe ƙofa, ka cire masa igiya, ya yi ta gudunsa. Ni ga ƙafata ta kumbura, ba na iya yawo. Duk wanda ya samo wa Firmen fak, ya yi gudu, ya ci abinci, ya dawo mini lafiya, shi ne na san zai iya riƙe mini gida."

Senami na gefe tana tsintar shinkafa. Ta ɗago kai a hankali ta ce, "Ai sabon gidan Tanti ma..."

Ya ce, "Ke, manya na magana."

Ta mayar da kanta kan faranti.

Ya bugi ƙirji ya ce, "Fak? Tanti, garin nan ba abin da ya fi fak yawa. Kafin rana ta take kin ji labari."

Aka saka Firmen cikin jakarsa ta yawo, mai 'yar taga ta raga, aka ba gogan igiya da fasfo. Ya fita titi ya tare ɗan zem, wato mai babur ɗin haya. Ya ce, "Kai ni fak. Mai shinge, babba."

Ɗan zem ya ce, "Fofo, yayana, hau. Wanda ya fi kowanne girma zan kai ka."

Shi kuwa a nan in ka ce fak, kowa filin sayar da motoci ya sani, waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa. Can ya sauke shi. Ga shinge ya fi mutum tsawo, ga ƙofa, ga mai gadi. Gogan ya ce a ransa, makulli ya zo hannu.

Yana shiga wani dillali ya tare shi. "Maigida, saye ko sayarwa?"

"Ɗan Faransa na kawo."

"Yana ina?"

Ya zuge jaka, Firmen ya leƙo.

Dillalin ya dube shi, ya dubi karen. Ya ce, "Da takardu?"

Ya miƙa fasfo. Nan da nan dillalai suka taru, abin nema ya samu. Wani ya ce, "Shekara nawa?"

"Bakwai."

"Hannu na nawa?"

"Mace ɗaya ce ta riƙe shi tun yana sabo."

"A'a, to lafiyayye ne. Na mace ba ya shan wahala. Yana da ci?"

"Kwana shida bai sa komai a ciki ba."

Dillalin ya juya ga 'yan uwansa ya ce, "Kun ji? Irin wannan ba a samu yanzu."

Gogan ya ga an karɓe shi hannu biyu, sai ya kwance igiya. Firmen ya sauka, ya shinshina ƙasa, ya shige ƙarƙashin wata baƙar mota.

Ashe motar ana cikin cinikinta. Wani Alhaji ne daga Maraɗi, har ya sa hannu a aljihu. Ya sunkuya dubawar ƙarshe, sai ya ga ƙasa a jiƙe. Ya ce, "Ba ka ce mini ba ta yoyo ba?"

Mai motar ya rantse da uwarsa, ya kira makaniki. Makaniki ya durƙusa, ya dangwala yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Ba mai ba ne." Ya ɗan taɓa a harshe. "Ba ruwan lagireto ba ne kuma. Ga shi da ɗumi, alhali ba a tayar da ita ba."

Yana rufe baki Firmen ya fito ta ɗaya gefen, ya ɗaga ƙafa a taya ta biyu, a gaban kowa.

Alhaji ya tattare rigarsa ya ja da baya. Ya ce, "Ku wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, sannan mu sake magana." Makaniki ya miƙe tsaye. Ya tofar da yawu, ya ɗauki sifana mafi girma.

Gogan ya suri kare ya ba wa wandonsa iska. Ɗan zem na jira a bakin ƙofa, ya haye bayansa. Sai da suka yi nisa a kan babur ya tuna takalminsa ɗaya na can.

Ya tsaya ya kira Tanti a waya. Ya ce fak ɗin farko ya yi kyau, sai dai motoci sun yi yawa.

Ta ce, "Motoci? Kai, saurara. Kar ka ƙara kwance shi sai ka tambaya. Sai an ce maka da baki don karnuka aka yi shingen. Ka ji ni?"

"Na ji, Tanti. Don karnuka."

Ɗan zem ya ce ya san wani fak ɗin, cikin itatuwan kwakwa. Suka je. Fak ɗin shanu ne. Wani Bafulatani na tsaye, sanda a kafaɗa.

Gogan ya gaishe shi ya ce, "Baba, shingen nan don karnuka aka yi shi?"

"Don shanu." Ya leƙa tagar jakar. "Mene ne wannan?"

"Kare ne. Ɗan Faransa."

"Ayya. Na zaci ɗan tunkiya ne da ya daɗe yana jinya."

Suka kama hanya. Ko'ina suka bi karnukan gari ne kwance a tsakiyar hanya, ba igiya ba riga, sai babur ya kauce musu. Ɗan zem ya ce, "Fofo, ni ban gane abin da kake nema ba. Dubi gidajen masu hali. Katanga, waya mai ƙaya, kwalba fasasshiya. A garin nan mutane ne ke cikin shinge, karnuka na waje suna shan iska."

Gogan ya ce, "Kai ba ka je Turai ba."

"Kai ka je?"

"Karen ya je."

Ɗan zem ya sauke shi a bakin teku, wajen masunta, ya ce daga nan ya gwada da ƙafa, shi yana da iyali.

Rana ta take. Yashi na ƙona masa ƙafar da ba takalmi. Yana tafe yana ɗingishi sai ya hango wani shinge na ganyen kwakwa, dogo, saƙaƙƙe tsaf, da ƙofar kwano da kwaɗo a rataye. A bakin ƙofar wata tsohuwa ce, Maman Ahuwefa, shugabar masu shanya kifi, tana kankare ɓawo da wuƙa.

Ya rusuna ya ce, "Maman, sannu da aiki. Wannan shingen na mene ne?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Saboda karnuka muka yi shi."

Gogan ya matso kusa. Ya ce, "Maimaita, Maman. Don karnuka?"

"Don su kaɗai. Mu mata goma sha biyu muka taru, sati guda muna saƙa."

"Allah ya yi muku albarka. Ashe ci gaba ya shigo garin nan ban sani ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ce amin. Daidai nan aka yi ihu kwalekwale ya iso. Ta ɗauki kwanonta ta nufi ruwa da sauran mata, ta bar ƙofa a saye.

Gogan ya tura ya shiga, ya mayar da ƙofa kamar yadda Tanti ta koya masa. Ya juyo sai ya ga kifi. Kifi a kan tabarmi, kifi a kan waya, manya da ƙanana, an jera su layi-layi cikin rana. Ya riƙe baki ya ce, "Har abinci aka shanya musu. Ko a Faransa ban ji an yi wannan ba."

Ya kwance igiya.

Firmen da ya kwana shida yana azumi ya tsaya, hancinsa na rawa. Sai ya faɗa tabarmar farko. Ya ci na nan, ya tattaka na can, ya ja wani dogo ya zagaya fili da shi sau uku.

Gogan ya kira waya. "Tanti, na samu! Da bakinta ta ce don karnuka ne. Yana gudu, yana ci. Saurari ƙarar ƙashi."

Tanti ta ce, "Me yake ci?"

Sai ga motsi a bayansa. Ƙofa ta buɗe. Mata goma sha biyu, kowacce da kwano a ka. Abin da Tanti ta ji a waya daga nan, sai ƙarar kwanoni da muryar surukinta yana cewa a bi a hankali, akwai bayani.

Firmen ya sami wata 'yar kafa a gindin shinge ya sulale, jar rigar ta maƙale a baya. Matan suka rasa kare, suka kama mai kare. Igiyar na hannunsa, sai suka ɗaure shi da ita a turken tsakiya, suka fita suka danna kwaɗo. Maman Ahuwefa ta ƙulle makullin a gefen zaninta ta ce ba mai buɗewa sai mai karen na gaskiya ya zo.

Dole gogan ya sake kiran Tanti ya faɗa mata inda yake. Ba a jima ba tasi ta tsaya. Tanti ta fito tana jan ƙafa, Senami na riƙe da ita. Abin da suka fara gani shi ne Firmen, tsirara, ciki ya yi ƙato, yana tsere da karnukan masunta guda biyar, suna bin kaguwa har cikin kumfa. Tanti ta dafe ƙirji. Ta yi fito sau ɗaya, ya sheƙo ya faɗa jikinta, yana warin kifi, jela kamar za ta cire.

Ta ce, "Shekara bakwai ban taɓa ganin ya yi dariya ba."

Sannan ta leƙa ta saman ƙofa, ta ga surukinta zaune a yashi, igiya a ƙugu, ɓawon kifi a gashi.

Ta ce da tsohuwar, "Maman, kare na ce a sa cikin shinge."

"Madam, mun duba su biyun. Wanda ya fi buƙata muka sa."

Gogan ya ɗaga murya daga ciki. "Maman, ki ji tsoron Allah. Ba ke kika ce don karnuka aka yi shi ba?"

Ta ce, "Gidan sauro ma don sauro aka yi shi. Ka taɓa ganin an zuba su ciki?"

Tanti ta ba matan haƙuri, ta ce kifin da ya ɓaci nata ne, kuma daga yau kullum a kai wa Firmen irinsa. Fuskoki suka saki. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To gobe kuma ina zai yi gudu? Ba zan bar shi cikin waɗannan ba, ko fasfo ba su da shi."

Senami na kallon ƙasa, tana murza bakin gyalenta. Ta ce, "Ai sabon gidan Tanti ma katanga gare shi. Da ƙofa. Da yashi a tsakar gida."

Matan duk suka juyo suna kallonta.

Tanti ta ce, "Tun yaushe kika san haka?"

"Tun da safe. Manya na magana ne."

Tanti ta buɗe jaka, ta ciro makullai, ta danƙa mata a hannu. Ta ce, "Ke da Firmen ku tare gobe."

Gogan ya miƙe, igiya ta fizgo shi ya koma zaune. Ya ce, "To ni fa? Senami, ni fa?"

Ta matso jikin shingen, ta rage murya don kar mutane su ji.

"Ka zo mana, ai gidan na da katanga. Sai dai kai ba za a cire maka igiyar ba."