Mashin Ɗin Da Ya Daina Sallama

"…da gajiya, amarya? Ko har yanzu fushin ake yi da ni?"

Iya Barira ta saki igiyar shanya da sauri. Muryar jikanta Ɗan'azumi ce, kuma ba daga zaure ta fito ba, a tsakar gida take, dab da ita. To ta ina ya ɓullo? Ta san ran nan Laraba ce, ranar da yake ɗauko kaya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ya ratso Kwandiko ya gaishe ta. Amma ai ba haka yake zuwa ba.

Shekara uku ke nan mashin ɗinsa ke yi masa sallama tun daga nesa, tun ranar da ya sa mai walda ya zare wa salansa kayan cikinta don samari su san ya yi abin hawa. Takan fara jiyo shi can siriri wajen kwalbati, kamar ƙuda ya faɗa tulu. Sai ya ɓace a gangaren rafi, ya sake tasowa da ƙarfinsa ta gindin tsamiya. Tsakanin kwalbati da ƙofar gida akwai lokacin da zai ishe ta ta lalubo tabarma, ta zauna gindin lemon da marigayi mijinta Malam Maikano ya dasa, ta jawo faifan gyaɗa gabanta, ta gyara ɗankwali, ta kafa wa zaure ido kamar mai gani.

Don maganar gaskiya, Iya ba ta gani. Tun daminar bara duniya ta koma mata fara fat, sai inuwar abubuwa ke gilmawa. Maƙwabciyarta Ummussalma kaɗai ta sani, ita ma sai da aka rantsar da ita. Baban Ɗan'azumi ya riga ya faɗa, kuma shi ba ya magana biyu: ranar da ido ya gaza, ranar za a kwashe ta zuwa Birnin Kudu. Ita kuwa a nan ta san taku nawa ne daga ɗaki zuwa randa, ta san kukan kowace kaza, ta san lokacin da inuwar lemo ke isowa ƙafarta. A can, ko ƙofar banɗaki sai an riƙe mata hannu.

Ba ta san tun yaushe yake tsaye yana kallonta tana bin igiya da hannu ba. Saboda haka ta yi abin da ta fi iyawa, ta buɗe baki.

"La'ilaha illallahu! Yanzu sana'ar ta koma sanɗa? Ɓarawon kaji ne kawai ke shigowa gidan mutane haka."

"Ni da gidan matata? Ai albishir na kawo miki. Shekara uku kina tsine wa mashin ɗina, kin ce ya hana kajinki ƙwai, ya tsinka miki kunu, ya sa akuyar liman ta yi ɓari. To na gyara. Yi mini guɗa."

"Guɗar me? Ka kai shi an yanke masa harshe?"

"Ba yanka ba ne, gyara ne. Wani ɗan bututu mai huji-huji aka ƙera, aka naɗe shi da soson ƙarfe, aka cusa cikin salansa, aka ɗaure da noti ɗaya. Yanzu in na tayar da shi, wallahi sai ki ce mage ce ke barci."

"Mage! Namiji guda ya hau mage ya zo zance."

Ta taka a hankali, taku huɗu zuwa hagu, ƙafarta ta taɓa gefen tabarma, ta zauna da isa irin ta masu gida. Ta ji shi ya zube kusa da ita, warin fetur da ƙura na tashi daga rigarsa.

"Wa ya sa ka?" ta ce. "Don na san kai ba ka da hankalin da za ka yi da kanka."

"Takwararki. Tun da aka haife ta, in na shigo layi sai ta zabura ta tsala ihu har ta shiɗe. Uwarta Khairiyya ta ce ko mashin ko su. Mai unguwa ma ya aiko sau biyu."

Iya ta tuna da ita. Jaririyar nan da aka sa wa sunanta, ran suna ta karɓe ta, ta bi fuskarta da yatsa tana cewa hancin uban ne sak, mata suna ta dariya. Har yau ba ta san ko fara ce ko baƙa ba. Abin ya soke ta a zuci, amma ta haɗiye.

"Ragwanta ce irin ta gidanku. Ni da aka haife ni, bindigar maharba aka harba a kaina, ban ko motsa ba."

"Shi ya sa har yau ba kya jin magana."

"Ungo naka! Maza ka je ka cire wannan tsiyar. Ni ƙarar nake so."

"A'a! Yau kuma? Iya, ke ce fa kika ce ranar da mashin ɗin nan ya mutu sai kin yi sadakar waina."

"Na fasa. Tun da kake zuwa da ƙarar nan shirwa ba ta ƙara ɗaukar mini ɗan tsako ba. Ɓerayen rumbu duk sun yi ƙaura zuwa Yalwan Damai, an gan su a hanya da kayansu a ka. Ko ciwon ƙugun nan, in ka murɗa mai sau biyu sai in ji ya sake ni."

"To ashe asibiti nake tukawa ban sani ba. Bari in fara yankar kati."

"Ka yanka wa uwarka… astagfirullah, ka yanka wa kanka. Mijin kirki tun daga nesa ake jin tafiyarsa, mace ta kimtsa, ta sa kwalli. Kakanka keke gare shi, amma sarƙar keken nan tana da wani ɗan kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Tun daga tsamiya nake jin sa. Kowa na ce masa ya zuba mata mai, ya ce a'a, Barira ce ke saurare."

Ta tsaya. Ba ta yi niyyar faɗar wannan ba. A cikin farin nan da ya rufe mata ido sai ga shi ya fito mata tsaf, shi kaɗai ne abin da take iya gani da kyau yanzu: doguwar riga mai ruwan toka, damin rama a bayan keke, yana turo shi ta zaure yana murmushi, yamma ta yi ja a bayansa. Iska ta kaɗa lemon, ƙamshin ganyen ya sauko mata. Ta ji kamar in ta miƙa hannu za ta taɓa sirdin.

"Ga shi nan," in ji Ɗan'azumi. "Ina zaune da raina ana yabon wani a gabana. Tsoho mai keke! Ni da na zo da inji."

"Injin da ba ya magana. Shi ko tarinsa ya fi ka kwarjini."

"To na ji. Ga goronki, kada ki ce na zo hannu sake."

Ta miƙa hannu wajen da muryar take. Hannun ya kama iska. Ta ɗan karkata dama, nan ma babu. Kajin suka ci gaba da tonon ƙasa, can bayan katanga wata na daka. Sai ta ji ya kamo tafin hannunta a hankali, ya juya shi, ya ɗora goron daga wajen hagu.

"Rowa ce ta sa kake ɓoye shi," ta ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Iya, wace irin riga ce a jikina?"

"Mai datti."

"Wannan kullum ne. Launinta nake tambaya."

"Shuɗiyar nan taka ta fama."

"Shuɗiyar ta yage tun kafin azumi." Ya numfasa. "Na fi minti goma a tsaye a bakin zaure. Na ga kin fito kina bin igiya. Na ga kin zuba wa kaji tsaba a cikin takalminki. Tun yaushe?"

Ta damƙe goron. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka fita da Malam. Ta ga motar ɗanta a ƙofar gida, ana fitar da gadonta, ana ɗaure kajinta ƙafa bibbiyu, lemon nan ba mai ba shi ruwa.

"Tun bara," ta ce. "In ka faɗa wa ubanka, kwashe ni zai yi. Ɗan'azumi, in aka fitar da ni daga gidan nan, makauniya zan zama."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ido ne kawai babu. A nan komai na san inda yake. Kai kaɗai ne ba ka da wurin zama, shi ya sa nake bin ka da kunne. Yau kuma ka zo ka toshe."

Ta ji yana jan hanci, ta san kuka yake ɓoyewa, don haka yake yi tun yana yawo ba wando.

"Kai, rufe mini baki. Ƙaton banza. Haka za ka yi ranar da na sake ka?"

"Wa zai kwashe ki in kin sake ni? Amarya ba haƙori, yanzu kuma ba fitila."

"Haƙorana biyu sun fi naka talatin amfani."

Ya yi dariya, dariyar ta fito da ruwa-ruwa. Sai ta ji ya miƙe, takunsa ya nufi zaure. Ta zaci waya zai ɗauko. Amma ƙarar tayoyi ta ji a kan ƙasa, ya turo mashin ɗin har tsakar gida. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sufana na cizon noti. Ya yi tsaki, ya hura yatsa, da alama salansar ba ta huce ba. Wani abu ya zaro da ɗan kuka.

"Toshe kunnenki, tsohuwa."

"Ba zan toshe ba."

Ya buga. Wayyo, ina kaji suka shiga! Ƙarar ta cika gidan, ta daki katanga ta dawo, ta bi ta tabarma ta hau ƙashin bayanta. Mai daka ta tsaya, wani daga waje ya ɗaga murya yana Allah ya isa. Iya Barira kuwa ta buɗe baki tana dariya, hawaye na bin kuncinta, ba ta ko share ba.

Ya kashe. Ya dawo ya ɗora mata wani abu a cinya, mai ɗumi, dogo kamar muciya ƙarama, yana warin hayaƙi. Ta bi shi da yatsu, ta ji hujojin ɗaya bayan ɗaya, da soson ƙarfen da aka naɗe.

"Ga harshen nasa, na ba ki. Ki sa a ƙarƙashin gado tare da sauran dukiyarki."

"Takwarata fa? Da mai unguwa?"

"Daga bakin titi zan riƙa kashe shi, in turo shi har gida."

Ta san layin nasu, ta taka shi lokacin tana gani. Hawa ne tun daga titi har ƙofa, ga yashi, ga shi kullum da buhu a baya.

"Kullum?"

"Kullum. Ai dama kin ce na yi tumbi."

"Ka yi. Ina jin sa in ka zauna."

"Amma da sharaɗi. Laraba mai zuwa za ki hau bayana, mu je a duba idon nan. Na kai wani tsoho daga Sundimina, yanar ido ce ta rufe masa, aka cire, yanzu shi ke gaya mini inda rami yake a hanya. Ban ce naki irin nasa ne ba, likita ne zai faɗa. In an gama in dawo da ke nan, gindin lemonki. Baba kuma ni zan tare shi, amma sai mun ji abin da aka ce."

"In ba a dace ba fa?"

"Sai in ƙara wa gidan igiya. Har bakin rijiya."

Ta juya bututun a hannu. Ta tuna ɗan hancin nan da ta shafa ran suna.

"Fara ce ko baƙa?"

"Wa?"

"Takwarata, sakarai."

"Ba zan faɗa ba. Ki je ki gani."

"Allah ya shirye ka. To na ji, zan hau. Amma ka ce a ɓoye za mu je, da wannan jarabar taka? Kafin mu kai kwalbati duk Gwaram ta san an fita da amarya."

"Su sani mana. Ni na ce su aure ki suka ƙi."

Ta kai masa duka da bututun, ta samu iska, ya kamo hannun ya ɗora a kafaɗarsa don ta same shi. Ta ɗebo gyaɗa cike da hannu biyu ta zuba masa a aljihu, rabi ya zube ƙasa, kaji suka dawo.

Da ya tafi ba ta tashi ba. Ta zauna da ƙarfen a cinya yana hucewa, tana bin sa da kunne. Ga shi a gindin tsamiya. Ya ɓace a gangaren rafi, ta riƙe numfashi har ya taso. Ga shi a kwalbati, siriri, siriri. A nan ya saba ɓacewa, amma ran nan sai ta ji ya tsaya, ya murɗa mai sau biyu saboda ciwon ƙugu, sannan ya wuce.

"Ɗan banza," in ji Iya Barira. Ta miƙe, ta kama igiyarta, ta tafi ba lemo ruwa.