Ranar da Na Sa Aka Binne Shinkafar Biki

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Gwaggo Hajara ba, ko na so ko na ƙi. Har yau in na ji wani abu ya yi "ƙit-ƙit" sai na waiga a firgice.

A shekarar ne na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ina son tafiya jami'a a Agadas. Baba kuwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Arlit da Cirozerin, ya ce ba inda za ni. Hujjarsa guda ce, kuma mai ƙafafu biyu: Yaya Sani, ɗan wansa, wanda ya daɗe a Yamai yana karatun duwatsu, ya dawo da takardar diplom har biyu, yanzu ƙanƙara yake sayarwa a bakin tasha.

"Ga masanin dutse can," in ji Baba, "dutsen da yake riƙewa ma narkewa yake. Ki zauna a shagon gwaggonki. In kin nuna mini amfanin boko guda ɗaya da idona, ni zan sa ki a mota."

Na riƙe maganar nan. A lise, wato sakandare, malaminmu ya koya mana cewa uraniyom na fitar da wata guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, kuma kowa a garinmu Arlit ya san raɗe-raɗin cewa tsofaffin ƙarafan wurin haƙar ma'adinai na shiga hannun maƙera su zama tukwane. Tun daga darasin nan na zama matsoraciya (ko cokali sai na harare shi kafin in ci abinci). Sai na samo wata manhaja a waya wadda aka ce tana auna gubar. Na ajiye wayar kan katifata, shiru. Na ajiye ta kan randa, shiru. Na ce alhamdu lillahi, gidanmu lafiya.

Ranar walima Gwaggo ta aro wata ƙatuwar tukunya, aka cika ta da shinkafa da naman ragon da Baba ya ba da gudummawa. An fara zuba wa dangin ango, waɗanda suka taho tun daga Dannet, sai na ji wata mai girki tana cewa, "Ai wannan tukunya ƙarfen ma'adinai ce, shi ya sa ba ta tsufa."

Na zaro wayar na matsa. Ƙit. Na ƙara matsawa. Ƙit-ƙit-ƙit. Kafin in kai bakin murhu fuskar wayar ta yi ja wur, tana kuka kamar motar ɗaukar marasa lafiya.

Ban san ina da murya haka ba. "Kar wanda ya ci! Uraniyom a shinkafa!"

Jama'a, ban taɓa ganin biki ya watse kamar wannan ba. Mata suka suri 'ya'yansu, aka bar takalma. Kawun ango, dattijo mai rawani har hanci, ya sauke rawanin a gaban surukai (abin da aka ce ko matarsa ba ta cika gani ba) yana zura yatsa a maƙogwaro. Wata ta ce madara ce maganin guba, nan take nonon raƙumin da aka kawo wa amarya ya ƙare, har ana rige-rige. Samari suka rataya tukunyar a muciya biyu, suka kai bayan katangar gida, suka haƙa rami suka juye. Wani ma har da addu'a.

"'Yar nan, kin tabbata?" Gwaggo ta tambaye ni tana hawaye.

"Gwaggo, kimiyya ce," na ce. Da bakina na faɗa.

Ana cikin haka Baba ya iso, Yaya Sani na biye da shi da buhun ƙanƙarar biki a kafaɗa. Yaya ya karɓi wayar ya duba, ya ɗora ta a kan tukunyar da aka juye, ya janye hannunsa. Shiru. Ko ƙit ɗaya.

"Ɗauka, ƙanwata."

Na ɗauka. Ta fashe da kuka. Ya karɓa ya ajiye, shiru. Na sake ɗauka, kuka. Ya miƙa wa Kaka, wadda hannunta ya daɗe yana karkarwa don tsufa, wayar ta kusa tsagewa.

"To, ashe ni za a binne," in ji Kaka.

"Abin wasa ne," Yaya ya ce a hankali, don ya rufa mini asiri, amma tsakar gidan ta yi tsit har na bakin ƙofa sun ji. "Girgiza take ji. In hannu ya yi rawa sai ta yi ƙara."

Wato duk unguwar nan ba abin da aka auna sai tsorona.

Kawun ango ya mayar da rawaninsa. Amarya ta ci burodi da sardin ranar aurenta. Gwaggo ta nuna ni da ludayi ta ce in ta sake ganina kusa da shagonta, ni da waya, sai ta haɗa mu ta daka.

Washegari Baba ya kira ni. Na durƙusa ina jiran hukunci.

"Ita tukunyar," ya ce, "lafiya take ko ba lafiya ba?"

"Ban sani ba, Baba."

"Sani ma ya ce sai da na'urar gaske. To, shi ya san abin da bai sani ba. Ke kuwa da guntun karatunki kin binne mini rago. Haɗa kayanki. Ki je ki ƙarasa, kafin ki sa a binne garin."

Haka na samu tafiya jami'a. In aka tambaye ni yanzu ko karatun ya cancanci kuɗin da wahalar, nakan ce ni dai ban sani ba tukuna, amma Baba ya gwada barina a gida, ya ga wanda ya fi tsada. Tukunyar kuwa tana nan ana aronta. In an zuba mini nakan ce na ƙoshi.