Ranar da Muka Cinye Bincikena da Miyar Taushe

Ba zan taɓa mantawa da funkason nan ba, ko da kuwa na tsufa haƙorana sun zube.

Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin gona a Kaura Namoda, kuma bincikena a kan alkama ne. Matsalar ita ce, mai manyan ƙwaya yawanci ba ta da furotin sosai, wato sinadarin da ke sa kwaɓin burodi danƙo, mai furotin kuwa ƙanana ce. Ni gwani sai na ɗaura wa iri biyun aure a fadamar Badarawa, na yi ta zaɓen 'ya'ya da jikoki rani bayan rani, har na samu wadda nake zaton ta gaji duka biyun. Iyakarta tiya guda, kuma da ita zan fita makaranta.

Don tsoron ɓerayen ɗakina na juye ta a kwallar Inna, a gidanmu na Shinkafi. Ban gaya mata ba (a ganina, me Inna ta sani game da kimiyya?).

Dokta, mai duba aikina, ya ce zai zo ya gani da idonsa kafin a kai ta ɗakin gwaji. Inna ta ji babban baƙo na tafe, ta tashi tsaye. Da ya iso, aka kawo miyar taushe da funkaso mai laushi, ya tashi fam. Ina ci ina zuba bayanin gadon halitta, har da nuni da yatsa mai maiƙo. Na ci biyar.

Muka wanke hannu, na shiga ɗauko kwalla. Wayam.

"Inna, ina alkamar da ke cikin nan?"

"Wagga mai manyan ido? Awo, ita na kai niƙa. Baƙo kamar Dokta, in ba shi ƙanana?"

Na koma zaure da kwalla a hannu, kunya kamar in nutse. Dokta ya leƙa ciki, ya dubi akushi, ya shafa cikinsa.

"To, danƙo dai akwai, ni shaida ne," in ji shi. "Sai dai ba a shuka funkaso."

Haka na koma fadama, abokaina suka fita suka bar ni. Har yau Inna na cewa ba ta taɓa samun alkama mai kyau irin wannan ba, in ƙaro mata.

Tun daga ranar, kafin in yi wa kowane Dokta bayanin aikina, Inna nake fara yi wa.