Wainar Kwakwar Tasalla

Allah ya jiƙan Tasalla, ya sanyaya makwancinta. Tun da ta rasu garin Tsiga ya yi shiru. Ita ce Sarauniyar Tanda, sunan da ta raɗa wa kanta, ta kuma yi wa gari alheri ta bari ana kiranta da shi. Shekara goma sha ɗaya ita ke yi wa gidan mai gari nakiya da wainar Sallah. A shekarun nan ba wanda ya taɓa koya mata komai, don ba ta taɓa yin shiru an samu wurin sa baki ba.

Ana saura kwana uku Sallah, mijinta Sada ya dawo daga fatauci da kwakwar Attagara guda ɗaya, da gashinta duka. Ba a taɓa ganin irinta a garin ba. A ranar kuma labari ya zo cewa Inno, mahaifiyar mai gari, ta ɗanɗana nakiyar wata Ladidi ta yaba, har tana tunanin ba ta aikin.

Tasalla ta juya kwakwar sau biyu, ta shinshina, ta gane ta sarai.

"Goruba ce ta samu hutu," in ji ta. "Mutanen kudu ruwa ya yi musu yawa, komai nasu a kumbure yake."

Sada ya buɗe baki zai yi bayani. Ta tuna masa cewa shi jaki ya sani, ya bar mata abin da ake ci.

Kowa ya san yadda ake yi da goruba: a ci bayan, a yar da ƙwallon. Haka ta yi. Ta kankare gashin tas ta zuba a turmi. Mata uku suka daka har hannuwansu suka yi kanta, gashi ya ƙi zama gari. Ta ce kaya mai daraja ke nan, ba ya saurin ba da kai. Ƙwallon kuwa, da ta ji ruwa na motsi a cikinsa, ta ce ya ruɓe, ta wurga shi bayan danga.

Ta kwaɓa garin shinkafa da zuma tsantsa, ta juye gashin a ciki, ta shafe tanda da man shanu, ta zuba ƙullun, ta rufe, ta jera garwashi a kan murfin. Ƙamshi kam, har maƙwabta sai da suka leƙo.

Ranar Sallah ta kai gidan mai gari da kanta, ta tsaya gaban Inno a tsakar gida.

"Ranki ya daɗe, abin da sarakunan bakin teku ke ci ke nan. Ba kowane haƙori aka halitta dominsa ba."

Inno ta gutsura bayan azahar. La'asar ta same ta tana tauna. Matan gidan na zaune suna zaro zare daga baki kamar masu kaɗi, kunya ta hana kowa tofarwa. Tasalla ta dube su da tausayi, ta ga daɗi ya ɗaure musu baki.

Ana haka aka shigo da ƙwarya daga zaure. Ashe Sada ya tsinci ƙwallon, ya fasa, ya kai wa mai gari tsaraba. Inno ta juya baya ta tofar da na bakinta, ta ɗauki farin yanki ɗaya, ta lumshe ido, ta tambayi ko mene ne. Aka gaya mata. Tasalla ta ce ai da gangan ta bar wa maza wannan, guzurin masu jakuna ne.

Aiki ya koma hannun Ladidi. Tasalla ta je ɗakin aminiyarta Uwa ta yi kuka sosai, ta ce hayaƙi ne, alhali ko garwashi babu a ɗakin. Har yau in Uwa ta tuna sai ta yi dariya, ta share ido da bakin zane.

Amma har ta koma ga Allah ba ta sauke kai ba. Duk gidan sunan da ta shiga sai ta sanar cewa nakiyar Ladidi ba ta kwana, ita kuwa tata wainar damina uku ta yi a gidan mai gari. Gaskiya ta faɗa, baiwar Allah. Ba dai wanda ya iya gaya mata cewa da ita ake dirje tukwane.