Ranar da Tankari Ya Nemi Ragi a Kan Dokar Gadon Lilo

Masu ba da wannan labari a gidajen cin abinci na unguwar Guangyuan, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, suna ɓata shi ta fuska biyu. Suna cewa daga kan bishiya Tankari ya faɗo, suna kuma cewa ya kwana a hannun 'yan sanda. Duka biyun ƙage ne. Tankari bai taɓa hawa bishiya ba, domin tumbinsa ba zai amince ba, kuma babu ɗan sandan da ya ɓata lokacinsa a kansa. Abin da ya faru ya wadatar a yi dariya, ba ya bukatar ƙarin gishiri daga bakin kowa. Ku saurara da kyau.

"Ni a Guangzhou," in ji Tankari, yana buga ƙirji da hannun da ya gama cin shinkafa da shi, "babu wanda ya taɓa ce mini a'a ta tabbata. A'ar mutanen nan farashin farko ce, Hajiya. Ki shiga shago a kasuwar Shisanhang, laban, wato mai shagon, ya ce miki meyo, wato babu. Ki zauna, ki sha shayinsa, ki tashi kamar za ki tafi. Kafin ki kai ƙofa, abin da babu ya fito daga ƙarƙashin tebur. Haka ƙasar take tun daga kasuwa har ofishin gwamnati. Wanda bai iya tayi ba shi ne ke cewa akwai doka."

Tankari mutumin Maradi ne, ɗan rakiyar 'yan kasuwa, mai katin shaida da ya buga wa kansa da ruwan zinariya. Abokansa suna kiransa Gwamnan Guangyuan a gabansa, a bayansa kuma Ganga. Wadda yake yi wa wannan jawabi ita ce Hajiya Zeinabou, babbar 'yar kasuwar Yamai, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta gaji da zirga-zirgar jirgi, tana neman wakilin da zai riƙa saya mata kaya yana aikawa duk shekara, kuma ta ce za ta yanke shawara kafin ta koma gida. Tankari ya ƙwallafa rai a kan wannan wakilci har ya riga ya zaɓi kujerar da zai sa a ofishin da ba shi da shi. Tare da ita akwai mijinta, Alhaji Isufu, wanda aikinsa a tafiyar shi ne cin gyaɗa da tsokana.

Domin ya rufe bakin sauran masu nema, Tankari ya zo da dabara. Ya samo gadon lilo, wato ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaure bakinsa biyu a sama, mutum ya kwanta a ciki yana reto.

"Ki tuna zafin Yamai, Hajiya. Kowane tsakar gida akwai bishiyar darbejiya. Kwantena guda, sati guda, ya ƙare. Amma ba a tallar irin wannan a shago. Gobe zan kai ku gandun daji, ku ga yadda manya ke hutawa."

Washegari da hantsi suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Panyu, suka sauka kusa da wani gandun shaƙatawa mai manyan itatuwa da tafki. Iyalai sun baza tantuna a kan ciyawa, tsofaffi na motsa jiki, yara na guje-guje. A bakin filin akwai allo babba da hotuna waɗanda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai fahimta. Tanti a kan ciyawa an yarda. Hura wuta an hana. Kwana an hana. A ƙarshe kuma ga hoton gadon lilo tsakanin bishiya biyu, an ratsa shi da jan layi mai kauri.

Hajiya ta tsaya ta nuna da yatsa. "Tankari, wannan fa?"

"Farashin farko, Hajiya."

Ya zaɓi itatuwa biyu mafi kyau, ya ɗaure igiya a kowace, ya ja, ya tamke. Bai kai ga ɗora ƙafa ba aka busa usur. Wani tsohon mai gadi, siriri, sanye da kakin aiki, riƙe da kwalbar shayinsa, ya tako a natse. Ya dubi igiyar, ya dubi Tankari, ya girgiza kai.

"Bu shing."

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

"Barka da zuwa yake yi mana. Ni hau, laban! Ni hau!" ya gaida tsohon da Sinanci.

Daga nan Tankari ya zaro makamin da yake taƙama da shi, wato kwakuletar ciniki mai manyan maɓallai, irin wadda mai saye da mai sayarwa ke miƙa wa juna idan harshe ya gaza. Ya danna biyu, ya nuna itatuwan biyu, ya miƙa. Tsohon ya karɓa da ladabi, ya goge, ya danna sifiri, ya mayar. Tankari ya yi murmushin wanda ya san hanya. Ya danna ɗaya. Tsohon ya sake danna sifiri, kuma wannan karon ya danna shi sau uku domin kada a samu ruɗani.

"Kun gani?" Tankari ya raɗa. "Ya karɓi kwakuleta. Wanda ya karɓi kwakuleta ya shiga ciniki. Yanzu sai mu yi fushi mu tafi. Kada wanda ya waiwaya. Zai kira mu."

Ya kwance igiyarsa da fuskar wanda aka yi wa wulaƙanci, ya saɓa ƙyallen a kafaɗa, suka kama hanya. Suka wuce tafki. Suka wuce wurin wasan yara. Suka wuce masu sayar da dafaffiyar masara. Tankari yana tafiya a hankali, kunnensa a baya, wuyansa ya sandare don ƙoƙarin kada ya juya.

"Gwamna," in ji Alhaji Isufu, yana ɓare gyaɗa, "ni fa na karya doka na waiwaya."

"To, yana tahowa?"

"Yana zaune yana shan shayi. Ya ma ɗaga mini hannu. Mutumin kirki ne. Ga ƙofar fita can, ko mu ƙarasa Yamai da ƙafa ne?"

Tankari ya ce ai tsohon gogaggen ɗan kasuwa ne, kuma irinsu sai an nuna musu an sauko. Ya samu wani lungu inda bishiya ke kusa da turken fitila, ya ɗaure baki ɗaya a bishiyar, ɗayan a ƙarfen. "Rabin farashi," in ji shi. "Bishiya guda kacal. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan."

Ba a jima ba sai ga 'yar motar sintiri mai batir ta silalo, lasifikar da ke samanta tana maimaita dokokin gandun. Tsohon ne dai. Ya kashe lasifikar, ya sauko, bai ko kalli kwakuletar da aka miƙo masa ba. Ya ji Hajiya ta jefa wa mijinta kalmar Faransanci, sai ya zaro wayarsa, ya yi mata magana mai tsawo, ya juyo da ita. Wayar ta buɗe baki da Faransanci tsantsa, irin na masu karanta labarai. Ta ce igiya tana cin ɓawon bishiya, kuma bishiyar da aka ci wa ɓawo zagaye tana mutuwa a tsaye. Ta ce an hana ɗaura komai a jikin kowace bishiya, babba ko ƙarama, ɗaya ko biyu. Ta ce wannan shi ne gargaɗi na biyu ga mai babban ciki.

Hajiya ta yi karatunta da Faransanci, ba ta bukatar tafinta. Ta gyara mayafinta ta ce, "Wannan barka da zuwan tana da tsawo, Tankari."

"Waya ce, Hajiya. Waya ba ta san al'adar ƙasa ba."

Ya kwance igiya a karo na biyu, gumi na tsiyaya cikin kwalar rigarsa. Ya ga wakilcin na zamewa, ya ga kujerar ofishinsa tana tafiya gidan wani. Tsohon kuwa ya bar motar a nan gefen fitilar, ya nufi wani ɗaki domin ya ƙara ruwan zafi a kwalbarsa. A nan ne Tankari ya dubi bayan motar, ya ga wani ƙarfe mai kauri da fasinja ke riƙewa, idanunsa suka yi haske irin na wanda shawara mara kyau ta ziyarta.

"Alhaji, me wayar ta ce? Bishiya ta ce. Mota bishiya ce?"

"A iya sanina, a'a."

"Fitila bishiya ce?"

"Gwamna, ni gyaɗa nake ci."

Ya ɗaure baki ɗaya a bayan motar da ƙulli irin na dilar kaya, ɗayan kuma ya naɗa a turken fitila cikin gaggawa. Ya cire takalmi, ya hau, ƙyallen ya yi ƙara amma ya ɗauke shi. Ya harɗe hannuwa a bayan ƙeya, ya lumshe ido, ya fara jawabi.

"Ga shi nan, Hajiya. Doka tana wurinta, ni ma ina wurina. Wannan shi ne bambancin wakili da ɗan aike. Ɗan aike in an ce masa a'a sai ya dawo miki da a'a. Wakili kuwa..."

"Tankari," in ji Hajiya, domin ta ga tsohon ya dawo ta gaban motar ya zauna a mazauninsa.

"Ki bari in ƙarasa, Hajiya. Wakili kuwa shi ne wanda ko ƙasa ta motsa, shi ba ya motsi."

Motar batir ba ta da ƙugin inji da zai gargaɗi mutum. Tsohon ya kunna lasifikarsa, ya taka. Ƙyallen ya miƙe tsam kamar fatar kalangu, ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa, ya naɗe Tankari ciki tun daga wuya har idon sawu. Naɗin gaggawar da ke jikin fitila ya warware, ƙullin bayan motar kuwa ya riƙe amana. Sai ga Gwamnan Guangyuan yana bin motar sintiri a kan ciyawa, a ƙunshe kamar alala, kansa kaɗai a waje, yana ihu da harshe uku.

"Laban! Arete! Wayyo Allah, ku tsayar da shi!"

Tsohon bai ji ba, domin lasifikar da ke bisa kansa tana ta bayanin cewa an hana ɗaura gadon lilo. Tafiyar kuma ba ta sauri ba ce, tafiya ce ta girma da arziki, wadda ta ba kowa damar kallo. Iyalai suka fito daga tantuna. Tsofaffi suka dakatar da motsa jiki suka ɗaga wayoyi. Wasu ɗalibai 'yan Kano da suka zo cin abinci a kan ciyawa suka miƙe tsaye, ɗaya ya ƙwala murya: "Gwamna, rangadi ake yi?" Alhaji Isufu na biye a baya riƙe da takalman Tankari, yana amsa gaisuwar jama'a a madadinsa.

A ƙofar ofishin masu gadi motar ta tsaya. Shugabarsu, wata mace mai gajeren gashi da ba ta da alamar sanin kwakuleta, ta sa aka warware shi. Babu inda ya ji ciwo, sai ciyawa a gemu da kore a gadon baya. Ta wayar nan ta ba shi zaɓi: ko a kira hukuma a kan taɓa motar aiki, ko ya sa jar falmaran ta masu taimakon gandu ya yini yana faɗakar da baƙi. Ta ƙara da cewa mutanen ƙasar su Tankari suna yawan zuwa, kuma lasifikar ba ta da sanarwa da harshensu, saboda haka zai naɗa musu guda.

Tankari ya sa falmaran, wadda ta ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Ya juyo ya ce da Hajiya, cikin muryar da ta rage ƙarfi, "Girmamawa ce. Ba kowane baƙo suke ba wannan ba."

"Na gani," in ji ta. "To ka yi sanarwar da kyau. Ka faɗi sunanka, domin a san mai magana."

Ya kara bakinsa a lasifika ya ce, "Jama'a, ni ne Tankari na Maradi. An hana ɗaura gadon lilo a jikin bishiya. Babu ragi. Na tambaya."

Shugabar ta danna, lasifikar ta maimaita, ta sake maimaitawa, ɗaliban nan suna amsawa da amin.

Da rana ta yi sanyi, Hajiya ta zo ta same shi a bakin allo, yana riƙe da 'yar tuta. Ta ɗaga ƙyallen ta duba shi a haske, ta ja ɗinkin.

"Kayan yana da kyau," in ji ta. "An ja shi a ƙasa da kai a ciki, zare ɗaya bai tsinke ba. Zan sayi kwantena."

Tankari ya miƙe ƙirji har maɓallin rigarsa ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi! To yaushe zan fara?"

"Kai? A'a, wani zan sa. Na tarar ka samu aikin gwamnati, Tankari, kuma ni ba na raba mutum da abincinsa."

Masu gadin ba su goge muryar ba, domin sun ga tana aiki. Saboda haka idan kun je gandun nan, ku shimfiɗa tabarmarku a kan ciyawa, ku bar itatuwa su huta. Idan motar sintiri ta wuce kuka ji Tankari na Maradi yana magana, kada ku tsaya taya shi ciniki. Ku yi abin da ya ce.